Cibiyar Kwanon Inna

Na Allah ne mu, gare Shi kuma muke komawa. Inna, mahaifiyar maigidana, ta cika ranar wata Laraba da hantsi a ɗakinta, a gidanmu na unguwar Rusaifa a Makka. Aka kai ta Harami aka sallace ta bayan La'asar, aka rufe ta a Ma'ala. Shekara goma sha biyu muna gida ɗaya da ita, amma sai a kwana ukun zaman makoki na san yawan jama'arta.

Dillalai 'yan'uwanta sun zo daga Jarwal da Misfala, suka cika gidan har bakin ƙofa. Wata tsohuwa 'yar Jawa ta sa 'ya'yanta sun ɗauko ta a tasi tun daga Aziziyya. Ba ta jin Hausa, Larabcin nata ma a karye yake, ta zauna kusa da tabarmar Inna tana shafa ta tana kuka. A wajen maza kuwa, maigidana ya ce wani Balaraben Hadramaut mai kanti a kasuwar gwanjo, wanda kowa ya san sun shekara biyar ba sa ga-maciji da Inna, shi ya fi kowa jan hanci.

Kowa ya buɗe baki, magana ɗaya ce. "Azzamallahu ajrakum. Wallahi baiwar Allahn nan ba ta taɓa ƙarya a kan kaya ba." Wata ta faɗa da Hausa, wata da Larabci, wata ta gauraya su.

Ina zuba gahawa ina amsa amin kaina a sunkuye, har wata ta ce in zauna in huta. Sun ɗauka zafin rashi ne kawai. Akwai shi, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Na san rana ɗaya da Inna ta faɗi abin da ba haka yake ba a kan kaya, kuma ni ce sanadi. Abin da ban sani ba shi ne, idonta ne ya gaza, ko kuwa da gangan ta rufa mini asiri. Na bari ta tafi ban tambaye ta ba, ban kuma roƙi gafararta ba.

Inna Basakkwaciya ce. Da ƙafa suka taho da mijinta suna da ƙuruciya, suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga kafin su sami kuɗin ƙetare teku. Suka yi hajji, suka duba hanyar da suka biyo, suka ce a'a. Shi ya kama sayar da ruwa a gwangwani, yana hawa da shi benayen mutanen Makka, har Allah ya karɓi ransa ya bar mata yara biyu, maigidana da ƙanwarsa, auta. Ita kuma ta kama dillanci. Doguwa ce, ba ta da jiki, in tana tafiya da ƙunshi a ka sai ka yi sassarfa kafin ka cim mata. Shekara arba'in da wani abu a Makka ba su taɓa Sakkwatancinta ba, sai dai ta yayyafa masa "tayyib" da "kalas". Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, sai dai "mai gidanku". Ni kuma "Amarya" take ce mini, har na haifi huɗu, har furfura ta fara leƙo mini.

Tana dillancin komai, zannuwa, awarwaro, tukwanen tagulla. Amma abin da aka san ta da shi wani irin gilashi ne mai kauri, mai zanen inabi ko furanni ko ɗawisu a jikinsa, wanda in haske ya taɓa shi sai launuka su riƙa yawo a kansa, kore ya koma shuɗi, shuɗi ya koma ruwan zinariya. Kwanuka ne da faranta da kofuna. Larabawa gazaz kawai suke ce masa, kamar kowane gilashi. Inna ta raɗa masa "wuyan tattabara", sunan ya bi shi har a bakin waɗanda ba sa jin Hausa. Tun zamanin Turkawa yake shigowa Makka ta jirgin ruwa, a akwatunan fatake da na alhazai, ya zauna a gidajen manya ana zuba alewa da dabino a ciki.

Ita ma tana da nata guda ɗaya. Kwano ne mai bakin lanƙwasa, da ɗawisu biyu a kan shinge a cikinsa. Marigayi mijinta ya saya mata shi a shekararsu ta biyu a Makka. Ta ce shi ne abu na farko da ta mallaka a duniya wanda ba ci ake yi ba, ba sawa ake yi ba, kallo kawai. Yana zaune a alkukin bangon ɗakinta. Sau ɗaya a shekara ake sauko da shi, ranar ƙaramar salla, a zuba dibyaza, wato haɗin nan na mutanen Makka na busassun 'ya'yan itace da sukari, mai ɗanko. Kowa a gidan ya san na auta ne, da shi za a kai ta ɗakin miji.

Ni daga Kano muka zo da mahaifina, na yi aure ina da rawar kai da son a yaba mini. Sallata ta farko a gidan, da aka cinye dibyaza, na ga ɗanko ya kama kwanon, na ce bari in nuna musu yadda ake wanke-wanke a garinmu. Ba wanda ya sa ni. Na sauke tafasasshen ruwa daga wuta na kwara a ciki. Sai na ji "ƙas", ƙarami, kamar an taka busasshen kara. Da na duba, ga wani siririn layi ya taso daga gindinsa ya hau gefe, tsawon ɗan yatsa.

Na goge shi, na mai da shi alkuki, na juya layin ya kalli bango. Ranar ko tuwon salla ban iya ci ba.

Kwana uku aka yi, auta ta sauko da kwanonta tana sha'awa. Haifaffiyar Makka ce, lokacin tana da shekara goma sha huɗu, in ranta ya ɓaci Hausarta gudu take yi ta bar ta da Larabci. Ihunta na jiyo daga madafa.

"Ya Ummi! Shufi! Ya fashe! Wallahi matar Yaya ce, ita ta wanke, ana shuftaha, na gan ta!"

Na fito na tsaya a bakin ƙofa, maigidana ma ya shigo, fuskarsa ba annuri. Wata biyar da aurenmu, ba ni da kowa a unguwar, mahaifina ya riga ya koma gida. Na buɗe baki zan yi magana, na rasa ta gaskiya zan faɗa ko ta ƙarya.

Inna ta karɓi kwanon. Ta bi layin da babban yatsanta sau ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Ba ta ko dube ni ba.

"Ke rufa muna baki," ta ce wa auta. "Wagga ba tsagewa ta ba. Cibiya ta. Da ita anka haife shi."

"Cibiya kuma, ya Ummi?"

"Ke ba ki da cibiya? Mai da shi inda kika ɗauko shi, ki ba matar yayanki haƙuri."

Magana ta ƙare, don in Inna ta yanke hukunci a kan gilashi, ko alƙali sai ya bi. Auta ta ba ni haƙuri tana turo baki. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na koma madafa ina cewa a raina: ashe tsohuwar da ake ta zuzutawa ma ana iya yi mata wayo.

Bayan na yaye ɗana na fari, idon Inna ya fara hazo, sai ta ce in riƙa binta ina riƙe mata ƙunshi. Lokacin ana ta rushe gidajen da ke jikin Harami don a faɗaɗa shi. Manyan gidaje na tashi, tsofaffin akwatuna na buɗewa, wuyan tattabara ya riƙa fitowa daga ko'ina. A wannan yawon na koyi abin da na koya.

Duk kwanon da aka miƙo mata, ba ta kallon fuskarsa. Kifa shi take yi. "Amarya, walƙiya riga ta," in ji ta. "Duba gindi." Sai ta fita da shi tsakar gida ta ɗaga gindin a rana, inda ba a shafa masa walƙiya ba, a nan ake ganin ainihin launinsa. Wanda kake rantsewa kore ne sai ka ga ashe shunayya ne. Ruwan goro shi ya fi yawa, kowane gida akwai shi, ba ya tsada. Shunayya ya fi shi daraja, shuɗi da kore suna gaba. Ja kuwa, jan gaske, sau ɗaya ta taɓa riƙe shi a rayuwarta, kuma ta fi ba da labarinsa a kan labarin ƙetare tekunta.

Shekarunsa ma a gindi take karantawa. Tsoho yana da zoben gogewa a ƙasa, inda ya shekara yana zama a kan katako. Zanensa a fito yake, ƙwayar inabi ɗaya-ɗaya yatsa yake ƙirga ta. Na ƙasar Hindu sun fi sirantaka, sun zo daga baya. Wasu suna da wani harafin boko a cikin da'ira. Ba ta san harafin ba, amma yatsanta ya san shi.

Wata rana a wani gida a Shamiyya aka kawo mata faranti, uwargidan tana ba da haƙuri wai ya tsage. Inna ta ɗalle shi da farce, ya yi amo mai tsawo. Ta yi dariya ta ce lafiyarsa lau. A hanya ta yi mini bayani. Wani tsohon Bahindiye da ya yi aiki a maƙerar gilashi ne ya gaya mata. In an ɗebo narkakken gilashi za a zuba a mazubi, da almakashi ake yanke shi, wurin yankan nan sai ya riga sauran hucewa, ya bar ɗan layi a fuska.

"Shi na nika kira cibiya," ta ce. "Bisa take, ba ta ratsa jiki. Tsagewa ko ratsawa takai, in kin ɗaga ga rana sai ta yi ƙyalli. Amma kak ki yarda da ido, Amarya. Ɗalle shi. Lahiyayye shina da amo. Tsagagge ko bebe na."

Na yi tsaye a kan hanya har wani mai jaki ya yi mini tsawa. Shekara biyu ina binta, ban taɓa ganin ta yanke magana a kan gilashi ba sai ta ɗalle shi tukuna. Ko na yara ne, ko na banza ne, sai ta ɗalla. Kwano ɗaya ne kaɗai na san ba ta ɗalla ba.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Wani lokaci in ce ta sani. Wani lokaci in ce a'a, kwanonta ne, ta saba da shi, ba ta ga dalilin gwada shi ba, ga ido ya fara rauni. Kullum in na shiga share ɗakinta sai in leƙa alkuki. Sau da yawa nakan tarar layin yana kallon ɗaki, in ce yara ne suka taɓa, in juya shi bango in fita.

Abubuwa biyu suka ƙara mini nauyi. Ba a sake zuba dibyaza a kwanon ba, Inna ta ce ya tsufa, a bar shi ya huta. Sannan da auta ta tashi aure, za a kai ta unguwar Shisha gidan wasu haifaffun nan masu kantin yadi, Inna ta hana ta shi. Ta ce sai bayan ranta. Auta ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce kayan ubanta ne, an yi mata alkawari tun tana goyo. Inna ta haɗa mata kofuna shida shuɗɗa waɗanda suka fi kwanon tsada, amma ba su take so ba. Ni na yi mata lalle a wannan bikin, ina riƙe da hannunta, na kasa haɗa ido da ita.

Rigimar Inna da Balaraben Hadramaut a gabana aka yi. A 'yan shekarun nan sababbin wuyan tattabara suka fara sauka a Jidda, katan-katan. Suna da nauyi, walƙiyarsu kamar an shafa mai, har gindi an shafe, ɗinkin gefensu kuwa yana iya yankar yatsa. Shi ya sari da yawa. Ya kira Inna ya ba ta kujera da shayi, ya ce lokacin hajji ya matso, alhazan Takari sun yarda da ita, ta zauna a kantinsa kawai, in sun tambaya ta ce na dā ne.

Inna ta shanye shayinta tas, don ba ta wasa da shayi. Sannan ta ɗauki kwano ɗaya ta kifa.

"Ya ammi, wanga ko yaye shi ba a yi ba. Jikana ya girme shi."

"Ya hajja, gazaz gazaz ne. Wa zai sani?"

"Mutum shi sai da gonatai, shi taho wankin zunubi, ni in tsaya bakin Ɗakin Allah in ɗora ma kaina nau? Sai da su ga sababbi, suna da kyawonsu. In ka ce tsohhi na, duk wanda ya tambaye ni sai na hwaɗi."

Kuma ta faɗa. Shekara biyar ba ya amsa sallamarta. Amma da aka fara cewa Turawan da ke Jidda suna neman tsofaffin da kuɗi mai kyau, aka kuma yi masa cuta sau biyu, da ƙafarsa ya zo gidanmu da ƙunshin gahawa. Tun daga nan ba ya sayen ko kofi sai ya aiko an tambaye ta. Ranar da ya zo ɗin ya hango kwanon ɗawisu a alkuki, idonsa ya yi waje, ya miƙa hannu. Inna ta buge hannun da mafici. Ta ce ba na sayarwa ba ne, ba na taɓawa ba ne.

Tsohuwar nan 'yar Jawa kuwa, gidan da take haya ne rusau ya ci. Mijinta ya rasu, ta tara kayanta a akwati ta ce Inna ta ba ta ko nawa ne ta kwashe. Da wata ce, da ta yi hamdala ta ɗauka. Inna ta zauna a ƙasa cikin ƙurar rusau, ta fito da su ɗaya-ɗaya tana ɗagawa a rana. Ta ware guda uku kore, ta ce wa matar da hannu da karyayyen Larabci kada ta kuskura ta saki waɗannan a arha. Inna da kanta ta kai su har inda aka saya da daraja, ladan dillanci ma ta ƙi karɓa. Da su matar ta kama ɗaki a Aziziyya. Da muka dawo na ce, "Inna, yau mun yi aikin banza." Ta ce, "Ke kika yi. Ni na yi kallo na more."

Sau uku ina niyyar gaya mata. Na farko ina tsefe mata kai, na ce, "Inna, akwai wata magana." Ta ce in ta kishiya ce ba ruwanta. Muka yi dariya, maganar ta bi iska. Na biyu baƙi suka yi sallama. Na uku ana jibi za ta rasu, da rana, ina ba ta ruwan Zamzam a cokali. Idonta ya riga ya rufe gaba ɗaya. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini, kwanon nan..." Sai ta lalubo bakina da yatsunta ta rufe shi.

"Amarya, kin cika surutu. Ƙaro mini ruwa."

Na ƙaro. Ban sake samun dama ba.

Ranar uku, bayan La'asar, mutane sun ragu, ina ɗakinta ina naɗe tabarmi, sai auta ta shigo. Yanzu uwar 'ya'ya uku ce, ta yi jiki. Ta nufi alkuki kai tsaye ta sauko da kwanon. Na ce a raina, yau dai sai in faɗa, in ba a gaya wa uwar ba a gaya wa 'yar.

"Auta, tsaya. Kafin ki tafi da shi..."

Ba ta bar ni na ƙarasa ba. Ta ɗaga kwanon kusa da kunnena, ta ɗalle shi da farce. Ya yi "ƙwaf", ya yi shiru.

"Bebe ne," ta ce. "Adri. Na sani."

Na zauna a kan tabarmar da nake naɗewa.

"Da azumin bana Ummi ta aika in zo," in ji auta. "Ta sa na rufe ƙofa. Ta ce ya binti, na yi miki ƙarya sau ɗaya, ban son in tahi da ita. Ta ce tun ranar salla ta ji ƙararsa daga ɗaki, tun kafin ki goge shi. Ta ce ta auna kwano da yarinyar da ba ta da uwa a garin nan, ta ga kwano bai kai ba. Ita ta roƙe ni gafara, ya matar Yaya. Ummi, da girmanta, tana riƙe da hannuna."

"Ni ya kamata in roƙe ki," na ce.

"Kalas, an wuce nan. Na yi fushi kwana biyu, na huce. Kofunana shida suna nan, ko ɗaya ban bari an wanke da ruwan zafi ba." Ta yi dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Sannan ta ɗora mini kwanon a cinya. "Ta ce naki ne. Kuma ta ba ni saƙo, ta ce in faɗa miki yadda ta faɗa, kada in gyara."

Ta gyara murya, ta kwaikwayi Sakkwatancin uwarta, wanda ba ta taɓa iyawa ba.

"Ki ce ma Amarya na yahe tun ruwan bai huce ba. Kuma ta bar juya mini kwano bango. Shekara goma sha biyu tana juyawa ina maidowa, hannuna ya gaji."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, irin wanda ban yi ba ko da aka fita da ita. Auta ta zauna kusa da ni muka yi tare.

Kwanon yana alkukina yanzu, layin yana kallon ɗaki. Balaraben ya aiko sau biyu yana tambaya ko za a sayar, na ce a gaya masa tsagagge ne, kuma ni na tsaga shi. Da hantsi in rana ta shigo ta taga, tsagewar ce take fara kama haske kafin ɗawisun. Jiya 'yata ta tambaye ni ko cibiya ce, na kira ta na zaunar da ita na ba ta labarin tun daga ruwan zafi.

Ya Allah, baiwarKa ta rufa mini asiri ranar da ba ni da kowa. Ka rufa mata nata ranar da ba ta da kowa sai Kai. Ƙaryar nan guda ɗaya, in har an rubuta ta, a kaina take.